Tsohon jirgin yaƙi, na 'yan kasuwa, ko sabo fil: wanne ya dace ya zama uwar jiragen share nakiya?

Jirgin share nakiyar ruwa ƙarami ne, kuma da gangan ake yin sa haka. Dubi NNS Ohue da NNS Barama na sojan ruwan Najeriya, waɗanda kamfanin Intermarine na Italiya ya ƙera a ƙarshen shekarun 1980, tsawon kowanne mita 50 ne da 'yan kai, jikinsu kuma faiba ne ba ƙarfe ba, saboda akwai nakiyar da maganaɗisun ƙarfe kawai take jira ta ji ta tashi, akwai wadda ƙarar inji take saurare, akwai kuma wadda matsin ruwan da babban jirgi ke turawa in zai wuce shi ke tada ta. To jirgi mai wannan girman, an cusa mutum arba'in zuwa hamsin a ciki, tankin ruwan sha ɗan kaɗan, firij ɗan kaɗan, ba wurin gyara na kirki, in kwana ya ɗan ja dole ya juya gida, ko kuma a samu babban jirgi a kusa da zai raɓa a jikinsa da yamma a miƙo masa tiyon dizal da na ruwa, a sauko masa da burodi da nama da kayan gyara, mai zazzaɓi ya hau ya ga likita, masu nutso su san cewa in jini ya ɗau iska akwai ɗakin matsi da za a saka su. Wannan babban jirgin shi ne uwa.

Gardamar kullum daga nan take tasowa. Runduna tana da tsohon jirgin yaƙi ɗaure a tasha yana tsatsa, tana kuma da 'yan jiragen nakiya marasa uwa, sai wani ya ce ai ga abu a hannu, me zai sa a kashe kuɗi? In kai hafsa ne da aka ce ka rubuto shawara, ko ɗalibin harkar tsaro, ko dai mai bin waɗannan al'amura da ya rasa wane ɓangare zai tsaya, ga yadda nake ganin ya kamata a auna abin.

Abubuwan da za a auna da su

Na farko kuɗi, amma kuɗi biyu ne ba ɗaya ba: na mallaka da gyara, da kuma na riƙewa shekara-shekara, wato albashin mutanen ciki da mai da kayan gyara. Na biyun nan shi ne yake kashe runduna a hankali, shi ne kuma aka fi mantawa ranar da ake yanke shawara.

Na biyu ƙarko, shekara nawa zai yi yana aiki bayan an gama kashe masa kuɗi. Na uku sauƙin aiki, kuma a nan fili ne magana, fili shimfiɗaɗɗe a bayan jirgi kusa da ruwa, da injin ɗaga kaya mai ƙarfi, da ɗakunan kwana na ƙarin mutane, da wurin saukar helikwafta. Na huɗu haɗari, na gobara da lalacewar inji da na shiga inda ake harbi. Sai in ƙara da lokaci, dan nakiya ba ta jiran a gama kwangila.

Zaɓi na ɗaya: a mayar da tsohon jirgin yaƙi

An taɓa yin wannan da manyan jiragen sulke na gaske, kuma Jamus ce ta yi a 1919. Yarjejeniyar Versailles ta ɗora mata share nakiyoyin da aka dasa a wani yanki na Tekun Arewa, ga ƙasa ta fito daga yaƙi ba kuɗi, ga tsofaffin jiragen sulke na kafin zamanin Dreadnought, jirgin Birtaniyar da ya mayar da irinsu tsohon yayi, suna zaune ba abin da za su iya a fagen daga. Sai aka ɗauki huɗu, Wittelsbach da Schwaben da Preussen da Lothringen, aka cire musu bindigogi aka kafa musu dandamali a sama inda za a ɗora ƙananan kwale-kwalen share nakiya masu inji da ake kira samfurin F. Preussen na ɗaukar 12, Lothringen 14. Dabarar ba ta wauta ba ce ko kaɗan, kwale-kwalen ba sa iya doguwar tafiya a teku mai igiya, to uwa ta ɗauke su ta kai su bakin aiki ta sauke, da yamma ta kwashe su.

Amma kalli abin da ya biyo baya. Preussen da aka cire mata nauyin da aka tsara ta da shi aka ɗora mata wani a can sama, sai ta zama mai nauyin kai, ba ta daɗe a aikin ba. Wittelsbach da Schwaben a 1921 aka soke sunansu aka sayar wa masu yanka ƙarfe. Lothringen da Preussen sun yi zaman ajiya har aka sayar da su a 1931, in ban da wani yanki na gangar jikin Preussen mai tsawon mita 63 da aka bari ana gwajin abubuwan fashewa a kansa. Wato duk aikin cire bindiga da walda da kafa dandamali, amfanin shekara ɗaya zuwa biyu aka ci. Kuma jirage ne masu cin kwal, waɗanda a lokacin ganiyarsu mutum wajen 700 ke tafiyar da kowanne, ko ka rage masu bindiga gaba ɗaya, masu shebur a gaban tukunyar tururi suna nan sai an biya su an ciyar da su.

Yanzu dai babu wannan irin jirgin a aiki a ko'ina, na ƙarshe USS Missouri ne da Amurka ta ajiye a 1992, shi da 'yan'uwansa duk sun zama gidan tarihi. Dan haka in an ce tsohon jirgin yaƙi a yau, ana nufin firiget, wato matsakaicin jirgin yaƙi mai gudu, da ta tsufa ko jirgin ɗaukar sojoji da helikwafta da aka kusa yi wa ritaya. Kuma tsakanin waɗannan biyun akwai tazara mai yawa.

Amurka ta gwada na biyun sau biyu. USS Inchon, mai ɗaukar helikwafta da ta fara aiki a 1970, an mayar da ita uwar aikin nakiya a tsakanin 1995 da 1996. Ta yi aikin da kyau dan tana da filin sauka da wurin ajiye manyan helikwaftocin MH-53 masu jan na'urar share nakiya a ruwa, amma a watan Oktoban 2001 gobara ta tashi a ɗakin tukunyar tururinta, matuƙi ɗaya ya rasu, aka duba kuɗin gyara aka ga ba riba, a 2002 aka ajiye ta, a 2004 aka nutsar da ita wajen atisaye. Shekara shida ke nan ko ƙasa da haka bayan gyara. USS Ponce kuma, ta 1971, ana shirin yi mata ritaya ne a 2012 sai aka fasa aka gyara ta cikin 'yan watanni aka tura ta Tekun Fasha, ta riƙe wurin har 2017 da USS Lewis B. Puller ta iso. Ponce ta yi nasara, amma ka lura tun farko an ce mata ta wucin gadi ce, ba wanda ya yi mata alkawarin shekara ashirin.

Abin da ya sa waɗannan biyun suka yi amfani fili ne, ba tarihin yaƙinsu ba. Firiget kuwa ba ta da shi. Ɗauki NNS Aradu misali, wadda Blohm+Voss suka ƙera a Hamburg ta fara aiki a 1982, tsawonta ya kai mita 125 amma faɗinta wajen 15 ne kawai, an yi ta siririya dan gudu, cikinta ɗaki-ɗaki ne ƙanana cike da waya da bututu, tana da injin tabain mai shan mai ba ƙaƙƙautawa wanda uwar jiragen nakiya ba ta da buƙatarsa sam, dan aikinta tsayuwa ne da rarrafe. Ina za ka ajiye kwantena? Ina za ka kafa injin ɗaga kaya mai tan goma sha ba tare da ka taɓa daidaiton jirgin ba, irin abin da ya samu Preussen? Jirgi irin wannan ko a gyara shi ya ci gaba da aikinsa na firiget, ko a girmama shi a ajiye, amma mayar da shi uwa asarar kuɗi ce.

Ta fannin farashi kuwa, cewar da ake yi kyauta ne tunda namu ne, kamar a ba talaka kyautar doki ne, ba saye ne matsalar ba, harawa da dusar kullum ne. Ga kuma kayan gyaran injin da kamfaninsa ya daina yi shekaru talatin da suka wuce. Abu ɗaya da ba za a ƙwace masa ba, jikinsa an yi shi ne dan ya sha duka, an raba shi gida-gida yadda in ruwa ya shiga nan ba zai wuce can ba.

Zaɓi na biyu: a ari jirgin sauke sojoji da ke kan aiki

Wannan ba gyara ba saye. Birtaniya ta yi haka na tsawon lokaci a Bahrain, inda RFA Cardigan Bay, mai tan dubu 16 da tafkin shigar kwale-kwale a bayanta, ta yi shekaru tana zama uwa ga jiragenta na farautar nakiya. Najeriya ma tana da irin wannan damar a NNS Kada, mai tsawon mita 100, da Damen suka ƙera ta iso a 2022, jikinta sabo, fili akwai, wurin helikwafta akwai. A zuba mata kwantenonin gyara da na masu nutso ta tafi.

Illar ɗaya ce amma babba, jirgin yana da nasa aikin. Ranar da aka ce a kai sojoji da motoci wata ƙasa, ranar 'yan jiragen nakiya za su koma marayu, kuma mutanen cikinsa ba za su taɓa gwanancewa a aikin nakiya ba tunda yau suna nan gobe suna can.

Zaɓi na uku: a sayi jirgin 'yan kasuwa a gyara

Wannan ni shi na fi karkata gare shi ga yawancin rundunoni, kuma ba sabon abu ba ne. A shekarar 1919 ɗin nan da Jamus ke walda a kan jiragen sulke, Amurkawa na share shingen nakiya wajen 70,000 da su da Birtaniya suka dasa tsakanin tsibiran Orkney da Norway, uwarsu kuma USS Black Hawk ce, jirgin dakon kaya na 1913 mai suna Santa Catalina da suka saya suka gyara. Jiragen sulken Jamus sun tafi wajen masu yanka, Black Hawk kuwa ta ci gaba da hidimar wasu jirage har 1946. Teku ɗaya, shekara ɗaya, aiki ɗaya, kuma wanda aka yi dan ɗaukar kaya shi ya daɗe.

A zamaninmu jiragen hidimar rijiyoyin mai na teku su ne suka gaji wannan gurbin. Birtaniya ta sayi Island Crown a 2023 kan fam miliyan 40, jirgin 2013 ne, wato shekararsa goma kacal, tsawonsa ya kusa mita 97, ta sa masa suna Stirling Castle. Ka tsaya ka kalli bayan irin wannan jirgin, fili ne fetal na katako da ƙarfe ƙasa-ƙasa kusa da ruwa, babban injin ɗaga kaya a gefe, ga na'urar da ke riƙe jirgin cak a wuri ɗaya da ƙananan farfeloli ko iska na kaɗawa ba sai an jefa anga ba. Wanda ya san wahalar sauke kwale-kwale mai tan goma a teku, igiya na ɗaga shi tana sauke shi, mutum huɗu riƙe da igiyoyi suna ihu kar ya bugi jikin uwa, ya san darajar jirgin da ke tsayawa cak. Injinsa dizal ne na kasuwa, makanikansa da kayan gyaransa ana samu a duk inda ake haƙar mai a teku, ciki har da Onne da Legas, mutanen da ke tafiyar da shi kuma 'yan gomomi ne ba ɗaruruwa ba.

Amma kar a ɗauka ana saye ana fita aiki. Stirling Castle kanta ta yi zaman tasha na watanni saboda ƙarancin ma'aikata, sai a 2025 aka karɓe ta daga hannun ma'aikatan farar hula da ke tafiyar da ita aka mayar da ita hannun sojan ruwa kai tsaye. Sannan dole a saka mata rediyon soja da ma'ajiyar abubuwan fashewa mai tsaro, waɗannan duk kuɗi ne a kan kuɗin saye. Farashin irin waɗannan jirage kuma yana bin farashin ɗanyen mai, in kasuwar mai ta faɗi ana samunsu da araha, in ta tashi masu su ba sa saki.

Babban rauninsa shi ne ba a yi shi dan a harbe shi ba. A nan ne masu son tsohon jirgin yaƙi ke da hujja, kuma suna kawo USS Tripoli, wadda ita ce ke jagorantar aikin share nakiya a Tekun Fasha ranar 18 ga Fabrairun 1991 da ta taka nakiyar Iraƙi, ta samu ƙaton rami a gabanta amma ba ta nutse ba, a ranar ma USS Princeton ta taka wata. Jirgin 'yan kasuwa da wuya ya sha wannan ya tsaya. Gaskiya ne. Sai dai darasin da ni na ɗauka a nan shi ne uwa ba ta da hurumin shiga yankin da ba a tabbatar an share ba, ko mai sulke ce, ta tsaya can baya ta tura 'ya'yanta.

Zaɓi na huɗu: a ƙera sabo dan wannan aikin

Japan ta bi wannan hanyar da Uraga da Bungo a 1997 da 1998, masu tsawon mita 141, bayan ta ga amfanin uwa da idonta a 1991 da ta tura jiragen nakiya huɗu Tekun Fasha tare da uwarsu mai suna Hayase. Jamus ma daga baya abin da ta yi ke nan da jirage shida na ajin Elbe a 1993 da 1994, masu ɗaukar kwantena gwargwadon irin jiragen da za su yi wa hidima. Duk waɗannan sun haura shekara 25 suna aiki, ka kwatanta da shekara shidan Inchon.

Beljiyam da Holan sun ma wuce nan. A 2019 suka ba da kwangilar jirage 12, shida-shida, kan kusan yuro biliyan 2, ga Naval Group da kamfanin da yanzu ake kira Exail. Kowanne tsawonsa mita 82 da ɗoriya, tan 2,800, kuma 'ya'yansa ba jirage masu mutane ba ne, kwale-kwale ne marasa matuƙi da na'urorin nutso masu sarrafa kansu, uwa tana nesa tana kallo a kwamfuta. Wato wannan ba tallafi yake wa tsofaffin jiragen nakiya ba, gurbinsu yake maye gaba ɗaya. Raba kuɗin ka gani, kowane jirgi da kayansa ya haura yuro miliyan 160, kuma na farko, Oostende, sai da aka haura shekara biyar da sa hannu kafin ya iso. Ƙarko da dacewa ba a magana, amma aljihu da haƙuri sai mai su.

| Zaɓi | Kuɗin farko | Kuɗin riƙewa | Ƙarko | Sauƙin aiki | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Tsohon jirgin yaƙi | kaɗan zuwa matsakaici | mai yawa sosai | shekara 1 zuwa 6 a misalan da ke sama | in mai fili ne da kyau, in firiget ce da wahala | gobara da mutuwar inji, amma yana jure duka |
| Aron jirgin sauke sojoji | kusan babu | yana cikin kasafi dama | gwargwadon shekarun jirgin | da kyau | a janye shi lokacin da ake buƙata |
| Jirgin 'yan kasuwa | matsakaici | kaɗan | mai tsawo in an sayi mai ƙuruciya | mafi sauƙi | ba ya jure harbi ko nakiya |
| Sabo fil | mai yawa sosai | matsakaici | shekara 25 zuwa sama | daidai da buƙata | jinkirin kwangila da hauhawar kuɗi |

To wa zai ɗauki wanne?

In aikin na gaggawa ne kuma an san ranar ƙarewarsa, irin na Jamus a 1919, yaƙi ya ƙare an bar nakiyoyi a hanya dole a buɗe tasha cikin shekara ɗaya ko biyu, kuma tsohon jirgin da ke hannu mai fili ne injinsa na tashi, to a gyara shi da mafi ƙarancin kuɗi, a rubuta ranar ritayarsa tun ranar da aka fara walda kamar yadda aka yi wa Ponce. In firiget ce siririya, a bar maganar.

In ƙasa ce da nakiya ba ta dame ta yau ba amma tana so hannun mutanenta ya zauna a aikin, atisaye sau ɗaya ko biyu a shekara, aron jirgin sauke sojoji ya isa, kuɗin da aka tsira da shi a zuba a kan su 'yan jiragen nakiyar kansu da na'urorinsu da horon masu nutso, dan uwa ba ta da amfani in 'ya'yan ba sa iya fita. Ina ganin nan ne Najeriya take a yanzu.

In kuwa ƙasa ce da cinta da shanta ta tasha ɗaya ko biyu suke shigowa, kuma tana maƙwabtaka da ruwan da aka taɓa dasa wa nakiya, kamar ƙasashen Bahar Maliya inda a 1984 jirage fiye da 15 suka lalace, ko na Bahar Aswad inda tun 2022 nakiyoyi ke yawo har Turkiyya da Romaniya da Bulgeriya suka kafa rundunar haɗin gwiwa a Janairun 2024, to tana buƙatar uwa ta dindindin kuma da wuri, jirgin hidimar mai da bai wuce shekara goma zuwa sha biyu ba shi ne nata, da sharaɗin a tanadi mutanen da za su tafiyar da shi kafin a biya kuɗinsa.

Sabo fil kuma na wanda ke da tsofaffin jiragen nakiya da duk za su yi ritaya lokaci ɗaya ne, yana da kasafin da ba a yanke shi a tsakiyar hanya, yana kuma da maƙwabcin da za su haɗa oda su raba kuɗin zane da na horo kamar yadda Beljiyam da Holan suka yi.